Baba Kura da ragowar ungulayen Tudun Gaude

Da an idar da sallar asuba, Baba Kura yakan ɗaura shebur da diga a bayan kekensa, ya rataya jarkar kananzir a gaba, ya fita daga Tudun Gaude, wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Gwiwa da Roni. Yakan bi burtali har mashayar shanu, ya zaga bayan kwata idan jiya an ci kasuwa, sannan ya ɓullo ta gindin dutse. Mushe yake nema: jakin da ya faɗi, ko saniyar da ta mutu a hanya, ko akuyar da aka jefar. Idan ya samu ba ya taɓawa. Sai ya tsuguna ta ɓangaren da iska ke busowa, ya duba ƙudaje. In suna tashi suna sauka, ya hau kekensa ya wuce. In kuwa ya gan su zube a ƙasa matattu, to an zuba wa mushen guba, aikin ranar ya samu.

Shekara goma sha uku yana wannan zagaye. A watan nan ya ajiye, yana da shekara saba'in da ɗaya, shi ya sa ya kamata masu karatu su san ko wane ne shi.

Maharbi ne, ɗan maharbi. Kakansa ne ya zo daga Barno ya zauna a nan. Yana da takardar izinin farauta, yana sabunta ta, kuma maharban yankin sun shaide shi da cewa ba ya ɗaukar bindiga da damina, lokacin da namun daji ke haihuwa. An san shi da zabi da makwarwa. Ba wanda ya taɓa tsammanin sunansa zai haɗu da na ungulu, tsuntsun da maharbi ba ya ci, ba ya harbi, ba ya ma waiwaya.

Masu waiwayar ta wasu ne daban. Akwai masu sayen kan ungulu da ƙafafunta su kai wa masu tsibbu. Masu kashe musu ba su da izinin kowa, kuma ba sa ɓata harsashi. Sukan sami mushe su barbaɗa masa maganin ƙwarin gona, su tafi, su dawo da la'asar su tsinci gawarwaki. Ungulu kuwa ƙwai ɗaya take yi a shekara. Wanda ya girma a Kazaure ko Ɓaɓura ya san yadda a da take cika bayan kwata, ya kuma san yau sai ya daɗe bai ga ko ɗaya ba. A lokacin da Baba Kura ya fara wannan aiki, sheƙa uku suka rage a kan kukokin bayan dutsen Tudun Gaude.

Wanda ya fara kawo masa labari Kawu ne, wani makiyayi da rugarsu ke bakin burtali. Kawu Bafillace ne, Baba Kura Babarbare, don haka ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Ran nan Kawu ya zo babu wasa a bakinsa. Ya ce karsanarsa ta mutu, wasu baƙi biyu sun zo a kan babur sun roƙi ya bar musu mushen, shi kuma ya bar musu don bai ga abin da zai yi da shi ba. Da ya kai Baba Kura wurin, sun ƙirga matattun ungulu goma sha ɗaya, duk babu kai.

Baba Kura ya koma gida ya ɗauko shebur, ya haƙa rami iya gwiwa, ya binne karsanar da tsuntsayen. Nan ne ya yi kuskuren da har yau yake ambata kafin a tambaye shi. Bayan kwana biyu maharba suka ratso ta wurin da karnukansu. Karnukan suka ji wari suka tone ramin. Kafin azahar huɗu sun mutu, dukkansu na Muhammadu Lawal, Sarkin Bakan yankin, ciki har da karyar da ya shekara bakwai yana farauta da ita.

Ba wanda ya san wa ya yi binnewar sai Kawu, shi kuma ba zai faɗa ba. A taron da maharba suka yi washegari har an fara zargin Fulanin rugar. Waɗanda suka halarta sun ce Baba Kura ya miƙe ya ce: "Sarki, a bar mutanen nan. Ni na binne, kuma ban zurfafa ba." Daga ranar Muhammadu Lawal ya daina yi masa magana. Haka aka tafi har shekara biyu, kuma aka daina aika masa goron gayyata idan za a fita farauta.

Da wani ne, a nan zai tsaya. Shi sai ya gyara aikin. Ya koma haƙa rami har ya kai masa ƙirji, ya tura mushen ciki da sanda, ya zuba kirare da kananzir ya ƙona, ya mayar da ƙasa, ya jera duwatsu, ya rufe da ƙaya. Jaki ɗaya kan cinye masa yini. A kasuwar Gwiwa aka laƙaba masa "mai gadin ungulu", kuma ba yabo ake nufi ba. Matarsa Tasalla ta ware masa bokiti da sabulu a zaure, ta kafa doka cewa rigar aikin ba za ta wuce nan ba. Ta gaya mini ita maharbi ta aura, ba ta san ranar da ya koma mahaƙin kabarin jakai ba. Amma ita ce kullum ke tuna masa in kananzir ya kusa ƙarewa.

Na tambaye shi dalili. Bai yi dogon bayani ba. Ya ce mahaifinsa ya koya masa maharbi yana kashe abin da zai ci ne, ya bar saura. Ya ce a da idan dabba ta gudu da harbi, ungulu ce ke nuna inda ta faɗi, haka ma makiyayin da saniyarsa ta ɓata. Yanzu mushe kan yi mako biyu a bakin burtali yana ruɓewa, karnukan da ba su da masu su suna ta ƙaruwa. Sannan gubar ba ta zaɓe: ta ci dila, ta ci shirwa, ta ci karen Sarki.

Abin da ya sauya ra'ayin maharba ya faru ne wata bazara, lokacin da 'ya'yan ungulu ke cikin sheƙa ba su fara tashi ba. Da hantsi Baba Kura ya tarar da mataccen jaki kusa da kukokin nan, ƙudaje zube kewaye da shi. Ƙasar wurin tsakuwa ce, ya sara sau biyu ƙotar diga ta karye. Ungulaye shida sun riga sun fara shawagi a sama, wato iyayen sheƙun uku gaba ɗaya. In ya tafi neman wata diga za su sauka. In sun sauka sun ci, su da 'ya'yansu sun ƙare ke nan.

Sai ya cire rigarsa ya ɗaura a kan shebur, ya tsaya yana kaɗawa. Kawu ya same shi a haka wajen azahar, leɓunansa sun bushe. Ya miƙa masa goran ruwa ya ce: "Babarbare, yau kuma tuta ka kafa wa jaki?"

"Bafillace, bar surutu. Je ka gaya wa Sarki. Ka ce ba don ni ba, don karnukansa da suka rage."

Muhammadu Lawal ya zo da maharba tara da diga uku. Kawu ya ce Sarkin ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙudajen, sannan ya tambayi Baba Kura iya ina za a haƙa. Maganar farko ke nan da ta shiga tsakaninsu cikin shekara biyu. Baba Kura ya nuna ƙirjinsa.

Suna cikin haƙa, da la'asar, sai ga mutum biyu a kan babur da buhu da wuƙa, sun zo kwasar abin da suka zata ya mutu. Ɗaya ya tsere, aka riƙe ɗaya. Wasu daga cikin maharban sun ɗaga sanduna. Baba Kura, wanda ya yini a rana ba riga, shi ya shiga tsakani. Ya ce su masu takardar izini ne, in suka dake shi sun zama ɗaya da shi. Aka kai mutumin wurin dagaci da ƙullin maganin da aka samu a aljihunsa, dagaci ya miƙa shi ga ma'aikatan gandun daji. Daga ranar maharban yankin suka ɗauki ƙa'ida: duk wanda ya ga mushe ya duba ƙudaje, kuma a sanar da makiyaya da mahauta kada a bar wa baƙo matacciyar dabba.

Baba Kura, kai ne ka ɗauki aikin da ba a ba ka ba, a kan tsuntsun da ba mai so. Kai ne ka faɗi laifinka a gaban jama'a alhali shiru zai fisshe ka. Maharbi mai tsare abin da ba ya ci, bana sheƙa biyar ce a kan kukokin nan. Na je na ƙirga da kaina.

Shi bai iya ƙirgawa ba, domin yanar ido ta kama shi. Watan jiya ya tsuguna gaban mushen wani ɗan maraƙi ya ce lafiya lau. Kawu da ke tsaye kusa da shi ya ce masa a hankali, ba tare da tsokana ba, ƙudaje na nan zube a gaban takalminsa. Suka binne tare. A ranar ya je ya gaya wa Muhammadu Lawal cewa idonsa ya daina aikin, a nemi wasu. Maharba shida suka raba zagayen a tsakaninsu, kowa da ranarsa, Sarkin da kansa ya ɗauki Juma'a.

Mun gode, Baba Kura. Allah ya ba ka lafiyar ido, ya saka maka da alheri. Ga sauran jama'a kuma, daga Roni har Yankwashi, abin da ya bari ba ya bukatar bindiga. Wanda dabbarsa ta mutu kada ya bar wa baƙo. Wanda ya ga mushe ya tsuguna ya duba, in ya ga ƙudaje a ƙasa ya nemi maharba.

Ranar da ya miƙa shebur a ƙofar gidan dagaci, an ce ya yi wa masu karɓa nasiha. Jama'a suka gyara zama suna jiran jawabi. Ya ce abu ɗaya ne kawai, rami ya kai ƙirji.

Muhammadu Lawal ya karɓi shebur ɗin, ya jinjina nauyinsa, ya ce: "Wannan kam ba sai an gaya mini ba."