Kwaɗon da Aka Sa wa Kejin Mai Niƙa

Shekarar da ruwa ya tafi da gadar kasuwa, aka daɗe ana tsallakawa a kan katako, a shekarar nan na fara zama da Mai Niƙa. Ranar Talatar da ta wuce, sha ɗaya ga wata, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Nasa muke, wurinsa kuma za mu koma. Ni ban yi makaranta ba, 'yata ce ke rubuta wannan, kuma na gaya mata kada ta sassauta mini ko kalma ɗaya, don zan sa wani ya karanta mini in ji.

Kurma, da kai nake. Haka nake kiran ka kana raye, ba zan sake maka suna ba don ka mutu. Ƙarar injinka ce ta cinye maka kunne, ni kuma yanar ido ta rufe mini gani, kake ce mini Makaho. Mutane na jin mu su ɗauka faɗa muke yi.

A wannan shekara ta ambaliya injinka ya sha ruwa ya tsaya, ka zauna ba aiki. Balbelu suka cika filin bayan shago. Mai hoton da ke kusa da kai ya tashi, ya bar maka tsohuwar kyamara, ka ɗaga ta don ka kashe lokaci. Tun daga nan ba ka ajiye ta ba. Aikinmu a rabe yake: ni in ji kukan tsuntsu, in taɓa maka kafaɗar dama ko ta hagu, kai ka juya ka gan shi ka ɗauka. Ka wanko hoton ka kawo mini dab da hanci, ka ce, "Makaho, ga kurciyarka." In ce, "Ni dai toka nake gani." Ka ce, "To, tokar ce."

Ban manta ranar da ka lulluɓa da buhu a gindin katanga kana jiran 'yar tsuntsuwar nan baiwar Allah ta sauko shan ruwa ba. Ka daɗe ba motsi har wata mata ta zo ta ɗora kwaryar niƙanta a kanka. Ba ka ce uffan ba sai da ka ɗauki hotonka, sannan buhu ya yi mata sallama. Har ta bar unguwar nan ba ta sake gaishe ka ba.

Tagar shagonka ta fashe, ka ƙi sa gilashi, saboda tsattsewa ta nan take shiga wurin sheƙarta. Sharar tsaki da dusa ba ka taɓa zubarwa a kwata ba, bayan shago kake watsawa. Tsohuwar da ba ta iya ɗaukar kaya, kai kake kai mata garinta har ƙofar ɗaki. Da matata ta rasu na daina fita, ka zo ka tsaya mini a ka, ka ce, "Tashi, ba ni da kunne yau." Ba ka yi mini wa'azi ba. Na tashi.

Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa mutum ne mai son tsuntsaye. Kalmar nan ce take ƙona mini rai, don ita ta jawo abin da aka yi maka. Kai ba riƙe su kake so ba. Jiran su kake yi, su zo don kansu, su tafi don kansu. Duk wanda ya zauna da kai safiya ɗaya ya san wannan. Babban ɗanka bai taɓa zama ba.

Da ciwo ya kwantar da kai, ya zo daga inda yake aiki, ya ga hoton da ke saman gadonka, na alhudahudan nan biyu masu kiwo a filin bayan gidanka, ɗaya ta buɗe tukkunta. Ya tambayi mahaifiyarsa, ta ce ai su ne ka fi so. Sai ya nemo mai kama tsuntsu, aka ɗana tarko a inda kake zuba musu ruwa, aka kama macen. Ya sayo keji mai fenti, ya rataye maka a gefen gado, yana murmushi, yana jiran ka sa masa albarka.

Ina wurin. Ban ga fuskarka ba, amma na ji numfashinka ya sake. Na ji fikafikai na dukan wayar kejin. Ka ce, "Buɗe mata." Ya ce, "Baba, ai don kai aka kawo ta, ka huta da fita." Washegari aka same ka ka zamo daga gado kana miƙa hannu wajen ƙofar kejin. Maganin da ɗanka ya ga ya dace shi ne ya sa wa kejin kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu.

Na tare shi a tsakar gida na ce, "Yaro, wannan ba gata ba ne, azaba ce." Ya ce, "Kawu, ku bar mu mu kula da mahaifinmu." Na ce, "Ka san me take ci?" Ya nuna mini kwano cike da hatsi. Hatsi! Tsuntsuwar da ke caka baki a ƙasa tana zaro tsutsa! Tun ranar ni nake durƙusawa da wannan gwiwa tawa a bakin kwata, ina laluben tsutsa da yatsa ina zura mata ta tsakanin waya, shi ya sa take da rai har yau.

Ka juya fuskarka bango, Kurma. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kallo, ya ƙare kwanakinsa ya ƙi kallo. Abu ɗaya Allah ya sauƙaƙa maka: ba ka jin mijinta. Ni ina ji. Kullum gari ya waye yana kan katanga yana kira, hud-hud-hud, ya yi shiru, ya sake. Ka tambaye ni ko yana zuwa, na taɓa maka kafaɗar dama, wajen taga. Ka riƙe hannuna ka ce, "Kai ka san abin yi."

Ban ce ɗanka mugu ba ne. Ya yi ɗawainiyar asibiti, ya yi kuka na gaske a kan gawarka, na ji shi. Amma ya yi maka alherin da ya ga dama, bai tsaya ya ji wanda kake roƙo ba. Yanzu kuma yana gaya wa baƙi wai tsuntsuwar Baba ce, abin tunawa ce, gobe da azahar zai sa ta a mota ya kai wa 'ya'yansa. Matarka ta roƙe ni kada in ta da magana gida cike da mutane. Na ji maganarta, na haɗiye. Baƙi sun watse.

Allah ya jiƙan ka, Mai Niƙa. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata maka makwanci, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Ina yi wa matarka ta'aziyya, Allah ya ba ta haƙuri da dangana. Ina yi wa 'ya'yanka duka, har da babban, Allah ya shirye shi ya buɗe masa kunne.

Ba a ɓoye zan yi ba, shi ya sa na sa a rubuta. Na aro almakashin ƙarfe wurin mai walda. Gobe da safe, da na ji namijin ya sauka kan katanga, zan shiga ɗakinka da sallama, in fito da kejin filin bayan gidanka, in datse kwaɗon. Wanda yake da magana ya same ni a can, ina zaune a wurin da ka saba zama.