Wadda Ta Shigo Garwa da Jakai

Jiya maƙwabciyata ta narkar da man shanu, ƙanshin ya tsallako katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. Wallahi sai na ji fatar kaina ta ɗaure kamar an kama gashina an ja. Na tsufa, gashin ma ya kusa ƙarewa, amma har yau in na ji ƙanshin nan sai wuyana ya karkace da kansa yana neman cinyar kakata.

Bari in gaya muku yadda gidanmu yake. A Garwa aka haife ni, gidan fatake, a unguwar Hausawa. Lokacin ƙasa ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba, shugaban ƙasa kuma ɗan garinmu ne, saboda haka kowa yana tafe yana ɗaga kafaɗa kamar shi aka naɗa. A kasuwa da bakin rijiya da wurin wasa Fillanci muke yi. Amma da ka sa ƙafa a zaurenmu, sai Hausa. Kaka, mahaifiyar babana, ba ta ɗaukar wasa a kan wannan. In ka shigo ka ce mata "Jam na?" sai ta ce lafiyarta lau, amma ka koma waje ka sake shigowa.

Da damina kogin Binuwai kan cika har ya haɗiye rairayin da muke wasa a kai. Jiragen ruwa su taso daga Najeriya da gishiri da siminti, su koma da auduga da gyaɗa. Da mun ji ƙahonsu sai mu yar da tsintsiya mu kwasa a guje. Da bazara kuwa zafi ya sauko har kaji su buɗe baki, mu wuni a gindin mangwaro fuska duk danƙo. Kowane lokaci da abinsa. Abu ɗaya ne ba ya canjawa: ranar Alhamis kaka za ta yi mana kitso.

Kafin in kai ga kitson, sai na faɗi zancen takarda. Babana yana da wata takarda ta ajami a cikin gafaka, gadon gida. Duk Sallah, bayan an sauko daga idi, maza su taru a zaure, malamin gidanmu ya karanta: wane ɗan wane, ɗan wane, tun daga ƙasar Katsina, zuwa Yola, har wurin da aka ce wane ya sauka Garwa ya kafa gida. Mu mata muna bayan zana muna ji. Wata Sallah, ban fi shekara takwas ba, na leƙa na ce da ƙarfi, "Su waɗannan duk ba su da uwaye mata ne? Ƙyanƙyasar su aka yi?"

Takalmin innata ya same ni a gadon baya kafin in rufe baki. Baffana, ƙanen baba, ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Kaka ta ci gaba da taunar goronta. Amma ran nan da aka raba nama, tsoka biyu na gani a kwanona.

Ku 'yan yanzu ba za ku gane ba sai an yi muku bayani. A gidanmu ba a faɗin sunan babba. Ɗa ba ya faɗin sunan uwarsa, suruka ba ta faɗin na uwar mijinta. In an sa wa jariri sunan wani babba, ran suna kawai ake jin sa a bakin liman, daga nan a binne shi a ƙarƙashin laƙabi. To maza suna da takardarsu. Mata fa? Mace ta rayu, ta haifi gari guda, ta mutu, sunanta ya bi ta.

Kaka ta san da haka, sai ta yi dabararta. Duk ran da aka haifi mace a gidan, ana gobe suna za ta kira uban jaririyar zuwa ɗakinta, ya fito da suna a bakinsa, ba gardama. Mu uku ne muka taso tare. Ni aka sa mini sunan mahaifiyarta, sai take kira na Uwata. Yayata aka sa mata sunan kakar ita kaka, tana kiran ta Kakata. 'Yar baffana kuwa, wadda muke kai ɗaya, ta sami sunan mahaifiyar wannan kakar, sai ta zama Tsohuwa. Ku duba fa, yarinya tana fitsarin kwance ana ce mata Tsohuwa. Kaka takan rage murya ta ce, "Tsohuwa, an tashi lafiya? Na ga ruwan sama ya sauka a tabarmarku kaɗai."

Ran Alhamis ta shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta ajiye kaskon man shanu da tsinken kitso. Ɗaya bayan ɗaya take kiran mu. Ka kwantar da kai a cinyarta, zanenta yana ƙanshin hayaƙi da goro, ta tsaga gashi, ta shafa mai, ta ja. Hannunta ba tausayi. A nan, kunnenka yana daidai bakinta, ba halin gudu, take ba ka labarin mai sunanka. Kuma ba ta cewa "ita". "Ke" take cewa.

"Uwata, ke ce fa ungozomar unguwar nan. Ran da aka aiko mace tana naƙuda a ƙetaren kogi, ruwa ya cika yana tafe da itatuwa, mai kwalekwale ya ce shi ba zai shiga ba. Ke ce kika fizge sandar tuƙi daga hannunsa kika ce ya zauna ya yi salati, tunda abin da ya iya ke nan."

Sau nawa na ji wannan? Ban sani ba. Duk mako sai ta ƙara wani abu: irin ɗaurin ɗankwalinta, miyar yakuwa da take so, waƙar da take yi in tana daka. In na fara gyangyaɗi sai ranƙwashi. In na yi wa wani rashin kunya a unguwa aka kawo ƙara, sai ta ce, "Ku yi haƙuri, haka take tun tana uwata."

Amma in ta ɗora kan wata a cinya, sauran sai mu yi nisa. Ka matso ka sha tsinke a ƙafa. "Tafi can, wannan ba taki ba ce. Kowacce ta riƙe tata." Har yau ban san dalilinta ba. Yaya ta ce don kada mu cakuɗa su ne. Ni ina zargin ta san za mu watse, tana so mu riƙa neman juna.

Mun kuwa watse. Kaka ta rasu tun shugaban nan bai sauka ba. Aure ya kai yaya Meiganga gidan masu shanu, ya kai 'yar baffa Kuseri. Ni na zauna Garwa ina sayar da abinci. Mu mata ba a kai mu lekol, wato makarantar boko, ba, allo kawai muka yi, na iya surorin sallata amma ban iya rubuta ko harafi ba. Ban kuma damu ba, sai ran da ƙanena, wanda ya yi aikin gwamnati ya yi ritaya, ya juya takardar baba zuwa Faransanci, ya zana ta kamar itace mai rassa, ya buga ya raba a wani taron suna. Na ba 'yata ta karanta mini tun daga saiwa har ganye. Babu mace ko ɗaya.

Na tare shi a ƙofar gida. "Kai, ina kaka a nan?"

"Yaya, ai ba a sa mata a salsala."

"Wa ya hana?"

"Haka muka tarar."

"To zauna da abin da ka tarar."

Sati bai zagayo ba na sayi kaye, littafin rubutu irin na 'yan lekol, da bik, wato biro, na shiga ajin mata na yamma. Na haura hamsin. Malamar ba ta kai 'yata ba. Yatsun da suka saba da muciya suka riƙe bik kamar za su karya shi, matan ajin suna ta ƙunshe dariya. Na ce su yi ta, ni na san abin da ya kawo ni. Haruffan Faransanci aka koya mana, ni kuma na lanƙwasa su suka ɗauki Hausa. Shekara biyu kafin in rubuta labarin Uwata, shafi tara, ba wanda ya kama mini hannu.

Na yaya bai ba ni wahala ba. Na je Meiganga da damina, sanyi kamar ba a ƙasarmu ba, muka zauna gaban murhu ta zayyana mini Kakata, mai kaɗi da koya wa matan unguwa karatu, tana faɗa tana kuka tana dariya.

Saura Tsohuwa. Ita ce tushe, kuma kai ɗaya ne tak a duniya yake ɗauke da ita, kan da ya yi furfura a Kuseri. Na sha mota kwana da wuni. 'Yar baffa ta tarbe ni da guɗa, Hausarta duk ta gauraya da Larabcin can, ta cika ni da soyayyen kifi. Da na fito da kaye sai ta ɗaure fuska.

"Mayar da shi jaka. Ajiya kaka ta ba ni, ba talla ba."

"In kika mutu fa?"

"Ke za ki riga ni. Dubi yadda kike jan ƙafa."

Kwana biyu muna haka. Na yi lallashi, na yi faɗa, na tuna mata fitsarin kwance a gaban surukarta, ta jefe ni da mafici. A rana ta uku muna gyaran kuɓewa, ba ta dube ni ba ta ce, "'Ya'yana duk maza ne. Jikokin mata ba a tambaye ni sunan ko ɗaya ba. Na tsufa a garin mutane, ba wanda ya san ni Tsohuwa ce sai ni kaɗai. In na ba ki kika tafi da ita, me ya rage mini?"

Na ajiye kuɓewar da ke hannuna. Na ce mata, "Zan rubuta cewa a kanki aka ajiye ta, a bakinki na ji. Ba mai karanta ta sai ya bi ta kanki."

Ta ajiye wuƙa, ta goge hannu. Da ta buɗe baki ba ta ce "ita" ba.

"Ni ce na taso daga Yola cikin ayari, da goyon 'ya mace a baya, ga ciki. Saura kwana biyu mu iso Garwa zazzaɓi ya kayar da maigidana, muka binne shi a gefen hanya. Madugu ya ce maza su raba jakansa su kora, ni a mayar da ni gida. Na ce masa jakan sun san muryata, ba su san tasa ba. Na ƙara ɗaure goyo, na ɗauki sanda. Ni ce na shigo Garwa da kanwa da tufafi, ni ce na kafa zanar farko a inda gidanku yake. A cikinsa na haifi ɗan da takardarku take taƙama da shi."

Na jawo kaye na rubuta duk abin da ta faɗa. Ashe mutumin da aka yi ta karanta mana duk Sallah cewa ya sauka Garwa, ko hayaƙin garin bai hango ba. Kaka da kakanmu auren zumunci ne, saboda haka matar nan ita ta haifi gidan ta kowane ɓangare, mai gafaka da mai tsinken kitso.

Na ce, "Sunan fa? Dole in sa."

Ta waiga dama da hagu, ta matso kunnena ta raɗa sunanta na yanka, wanda ba a kira ta da shi ba tun ran suna. Muka toshe baki mu biyu, tsofaffi da jikoki, kamar mun yi sata, sannan dariya ta ƙwace mana har surukarta ta leƙo ko lafiya. Ku ba zan faɗa muku shi ba, bakina bai saba ba. Amma hannuna ya rubuta.

Da na dawo na kai wa ƙanena kayen. Ya sa tabarau ya karanta, ya ce, "Amma yaya, takarda ta ce..."

"Wa ya rubuta takardar? Wanda yake cikin ciki lokacin?"

Ya cire tabarau. Da zan tafi ya ce in bar masa ya buga. Na ce ya buga huɗu, kada ya taɓa mini ko ɗigo. Ɗaya tana Meiganga, ɗaya Kuseri, ɗaya wurinsa, ɗaya wurina.

Yanzu zamani ya juya. A asibiti ake haihuwa, sunan yarinya daga talabijin ake ɗauko shi, kitso kuma shago ake zuwa, mai yi tana kallon waya. Jikokina suna kiran sunan kowa gatsau, da can ina yi musu tsawa, yanzu na rage. Kunyarmu tana da kyau, amma ta cinye mana mata da yawa. Abin da nake gaya wa duk macen da ta zauna kusa da ni shi ne, in akwai tsohuwa a gidanku, je ki yau, kada ki bari sai gobe. In ba ki iya rubutu ba, ki koya. Ni da na fara da furfura ban mutu ba.

Watan jiya wayata ta yi ƙara, 'yar baffa ce daga Kuseri. Ko sallama babu.

"Ke Uwata! An karanta mini littafinki a gaban jikokina duka, har maƙwabta sun shigo. Wa ya ce miki jakai shida ne? Bakwai ne! Ina kika kai mini ɗaya?"

Na ce ta yi haƙuri. Na ɗauko bik na mayar mata da jakinta.