Darlene, Gawar da Ta Ce Wayyo

Tun kafin rana ta leƙo garin Burbank, Darlene Prewitt ta shanye kofinta, ta zauna gaban mai kwalliya ana shafa mata fari a fuska, shuɗi a leɓe. Daga nan sai ta haye tebur mai sanyi, a lulluɓe ta da farin zane, ta mutu. Sana'arta ke nan tun tana budurwa, ga ta yau da furfura.

Duk mai kallon finafinan 'yan sanda a talabijin ya ga Darlene, bai dai sani ba. An tsamo ta daga kogi, an ciro ta daga but ɗin mota, har cikin firij an taɓa samun ta. Masu ɗaukar hoto sun shaida ranar da ƙuda ya shiga hancinta ya fito, ko gezau. Ke ce gawar da ba a taɓa maimaita ɗauka saboda ita ba, Darlene, amma ko sunanki ba a karantawa.

Abu guda ke ci mata rai. Mahaifiyarta Opal ta makance, talabijin sai dai ta saurara.

"Wai kina ciki kuwa?"

"Ina ciki, Mama, ni ce a kwance."

"To ni me zan ji? 'Ya'yan mutane na ta zuba, tawa kamar ruwa ya cinye ta."

Da ritaya ta matso, Darlene ta tari darakta Vince Okamoto. "Yallaɓai, ko kalma ɗaya ce a ba ni, tsohuwa ta ji muryata tun tana da rai."

"Darlene, ke fa gawa ce."

"To a kashe ni a hankali mana!"

Ya yarda: za a harbe ta, ta ce wayyo, sannan ta faɗi. Ana cewa a fara, sabo ya yi halinsa, ta zube ta ɗauke numfashi ba ko uffan.

"Tsaya!" in ji Vince. "Baiwar Allah, wa ya ce ki mutu tun ba a harbe ki ba?"

Aka sake, ta sake mutuwa shiru. Vince ya ce saura gwaji ɗaya, in ba haka ba a koma tebur. Tsoro ya kama ta sosai. Ta tuna da tsohuwa zaune da kunne a jikin akwatin talabijin, bindiga na tashi ta saki wani wayyo da ya sa mai ɗaukar sauti ya cire abin kunnensa.

Ranar da aka nuna, Opal ta bugi hannun kujera. "Tawa ce! Haka take yi in na ce ta wanke kwanuka!" Tana dariya hawaye na zuba, Darlene na taya ta.

Mun gode, Darlene. Ku masu tasowa, in kwanciya aka ba ku, ku kwanta tsakani da Allah kamar yadda ta yi. Ke kuma yanzu numfasa son ranki. Allah ya sa mutuwar gasken ta daɗe ba ta zo ba.