Mama Mai Zuwa Ranar Asabar

Abubuwa da yawa sun same ni a shekarun da na yi ina sana'ar tura fina-finai a waya a garin Lafia, kuma yawancinsu sun shuɗe daga raina. Amma ranar da na tafi unguwar Bukan Sidi neman gidan wata tsohuwa don in ba ta haƙuri, wannan kam ba na jin zan manta da ita har ƙarshen rayuwata.

Daga Funtuwa na zo. Kawuna ne ya kawo ni in taya shi tsaron shago, bayan shekara guda hawan jini ya mayar da shi gida, ya bar mini 'yar kwantena a bakin kasuwa da kwamfuta ɗaya da benci. Aikin ba wuya. Mutum ya kawo waya ko memori, in tura masa sabon fim, ya tafi gida ya kalla da iyalinsa. Akwai na Hausa, akwai na kudu, akwai na Indiya mai fassara. Masu irin wannan sana'a mun kai biyar a layin, amma bencina ne ba ya rabuwa da mutane, kuma ba don komai ba sai don bakina.

Duk fim ɗin da ya fito ni nake fara kallonsa, sannan in ba da rahoto. In aka ce, "Mai fim, wannan yana da kyau?" sai in gyara zama.

"Yana da kyau mana. An harbi jarumin sau bakwai a ƙirji, amma bai yarda ya mutu ba sai da ya raba gado, ya yi wa ƙanwarsa faɗa, ya tambaya ko an ba kaji ruwa."

Ko kuma in ce, "Wannan kuwa a tsakiyarsa za su rubuta maka 'bayan shekara goma'. To ka duba tsakar gidan da kyau. Akuyar nan dai ita ce a ɗaure, ciyawar da take ci ma ba ta ƙare ba."

Sai layi ya kaure da dariya. Masu doya, 'yan acaba, ɗalibai, kowa ya miƙo waya. Abin mamaki, fim ɗin da na fi yi wa tsiya shi aka fi ɗauka.

Wanda ya gan ni a lokacin zai ce babu mai jin daɗin duniya kamata. Abin da ba su sani ba, da na rufe kwantena na hau mashin zuwa Azuba, unguwar da nake zaune, bakin nan ya mutu ke nan. Ɗaki ɗaya nake haya, daga katifa sai risho sai bokiti. Maƙwabtana ma'aikata ne, gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ranar Lahadi da ba na buɗe shago, nakan wuni ban yi magana da kowa ba in ban da sallamar masallaci. Sau da yawa in ina kallon sabon fim wani abin dariya ya zo mini, sai in waiwaya kamar zan faɗa wa wani, in ga bango. Sai in ajiye shi a raina har gobe.

A cikin masu zuwa akwai wata dattijuwa, mutuniyar Binuwai, wadda duk layin ke kira Mama. An ce a da babbar 'yar kasuwar doya ce kafin ƙafa ta hana ta. Duk Asabar da hantsi za ka hango ta tana tahowa a hankali, tana laluben gefen kwata da sandarta, wayarta a ƙulle a bakin zani. Ta zauna a ƙarshen benci ta huta, sannan ta ce da irin Hausarta ta kasuwa:

"Ɗana, yaya aiki? Oya, wane ne ya fito wannan sati?"

In fara. Ita ba ta barin labari ya wuce da sauri. "Tsaya, tsaya. Wannan yarinya da ya gudu, ya sa takalmi ko bai sa ba?" In ce ai da dogon takalmi ta tsere wa 'yan fashi, kuma janbakinta bai goge ba bayan kwana uku a daji. Sai ta yi ta dariya har tana share hawaye da gefen ɗankwali, tana cewa, "Kai, wannan yaro, Allah ya shirye ka!" Takan yi awa guda a zaune. A ƙarshe ta ce in sa mata ɗaya, kowanne na ga dama, ta ajiye mini lemu biyu ko dafaffiyar gyaɗa a kan tebur ta tafi.

Mun fi shekara a haka. Sai wata Asabar cikin damina, ina buɗe shago na duba waya, na ci karo da hotunan ɗaurin auren babban abokina na ƙuruciya. Tare muka yi makarantar allo, tare muka yi firamare. Ga sauran abokanmu nan duka a hoton, sun sha anko, suna dariya. Babu wanda ya kira ni, babu wanda ya turo ko da katin gayyata. Ban ce sun yi da gangan ba. Ina ganin mantawa suka yi kawai, kuma wannan ya fi yi mini ciwo.

Ina zaune da wannan abu a ƙirji, kwamfuta kuma ta ƙi karanta memorin wani, mutane sun taru suna jira, sai ga Mama. Ta zauna, ta huta, ta ce, "Ɗana, wane ne ya fito?"

Ban ɗago kai ba na ce, "Akwai guda uku."

"To ba ni labari."

"Mama, yau ba ni da lokaci."

"Kaɗan kawai. Wanda ya fi ban dariya."

A nan na yi abin da har yau in na tuna nake jin kunya. Na ɗaga murya a gaban mutane na ce, "Haba Mama! Kullum sai kin zo kin cika mini benci awa guda a kan fim ɗaya? Ni ba rediyo ba ne. In za ki ɗauka ki ba ni waya, in ba za ki ɗauka ba ki bar wasu su zauna."

Wurin ya yi tsit. Ta dafa sanda ta miƙe, ta laluba cikin ledarta ta fito da lemu biyu ta ajiye a kan tebur kamar kullum, ta juya. Wani mai gyaran takalmi da ke gefena ya dube ni ya girgiza kai. Ni kuwa a lokacin zuciya ta hana ni bin ta.

Asabar ta zagayo, ba ta zo ba. Na ce fushi ne, zai wuce. Ta biyu ma shiru. Na lura ina tanadin abubuwan dariya musamman dominta, in na faɗa wa wasu kuma sai in ji ba su yi armashi ba, domin babu mai tsayar da ni ya tambayi takalmi. Da ta uku ta wuce, ranar Lahadi da azahar na shiga layin masu doya ina tambaya. Wata mata da ta taɓa yi mata aiki ta kwatanta mini: Bukan Sidi, bayan wani injin niƙa, gida mai koren ƙofa da bishiyar mangwaro.

Na sayi burodi da madara, na hau mashin. An yi ruwa da safe, hanyar duk caɓi, sai da na sauka na ƙarasa da ƙafa. Na ƙwanƙwasa ƙofa har sau uku kafin na ji muryarta daga ciki.

"Wane ne?"

"Ni ne, Mama. Mai fim."

Sai ta ce, "Tura, ba a kulle ba."

Gida ne babba, ɗakuna huɗu, amma uku a rufe da kwaɗo. Ciyawa ta fito a tsakar gida. Tana zaune a falo ta miƙe ƙafa ɗaya a kan kujera 'yar tsugune, ƙafar ta kumbura. Ta ce santsi ne ya kwashe ta a bayan gida kwana biyu bayan zuwanta shagona, maƙwabciya ce ke leƙo ta safe da yamma. Mijinta, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya rasu shekaru shida da suka wuce. Ɗanta yana Legas, 'yarta tana aure a Makurɗi.

Na durƙusa na ce, "Mama, na zo ba ki haƙuri ne. Abin da na yi miki ban kyauta ba."

Ta ce, "Tashi, ɗana. Ranan nan na ji muryanka, na san wani abu ya taɓa ka. Ba komai."

Don in rage nauyin da nake ji, na ce ta kawo wayar in sa mata sababbi, na zo da su a tawa. Da na buɗe sai na ga memorin ya kusa cika. Duk fina-finan da na tura mata tun farkon zuwanta suna nan a jere, ba ta goge ko ɗaya ba. Na ce, "Mama, a cikin waɗannan wanne kika fi so? Waɗanda kika gama sai mu cire."

Ta yi 'yar dariya, ta juyar da fuska wajen taga.

"Ban kalli ko ɗaya ba."

Na ɗauka wasa take yi.

"Ido ya tafi, ɗana. Shekara biyu yanzu. Kai ma da kake nan, inuwa kawai nake gani. Wannan ƙaramin waya, me zan gani a ciki?"

"To Mama, me ya sa kike ɗauka?"

"In ban ɗauka ba, da wane dalili zan zauna a bencinka?" Ta nuna wata kujerar katako mai hannu da ke fuskantarta, an ɗora mata matashi. "Wannan kujeran Baba ne, maigidana. Shi yana son dariya sosai. In na dawo daga wurinka sai in zauna nan, in faɗa duk abin da ka faɗa, daga farko har ƙarshe. Ni kaɗai ina faɗa, ni kaɗai ina dariya. Yana kai ni har Laraba. Daga Alhamis kuma in fara jiran Asabar."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Ita ce ta cece ni. Ta ce, "To tunda ka zo, wane ne ya fito?"

Na share fuska, na jingina wayata da gwangwanin madara, na kunna wani sabon fim na wani attajiri da 'ya'yansa ke rigimar dukiya. Ita tana jin sauti, ni ina gaya mata abin da ke faruwa. Na ce mata attajirin nan mai gidaje goma riga ɗaya gare shi tun farkon fim. Na ce likita ya ɗora abin awo a goshin matar ya ce tana da ciki wata uku. Da aka zo wurin da tsohon ke kuka, gemun da aka manna masa ya fara ɓallewa ta gefe, yana kuka yana tare shi da hannu. Mama ta yi dariya har tana tari, tana dukan hannun kujera, maƙwabciyarta ta leƙo a guje ta ɗauka wani abu ne ya faru.

Da fim ya ƙare ta sa maƙwabciyar ta zubo mini sakwara da miyar agushi. Mama ta ce, "Kifi ne a ciki, ba nama ba, Malam, ci abinka." Ina ci sai ta jefo mini tambaya.

"Kai kuma, in ka koma gida, wa kake faɗa ma?"

Na ce babu kowa. Daga nan na ba ta labarin ɗakin Azuba da hotunan ɗaurin aure, abin da ban taɓa gaya wa wani mahaluki ba. Ta saurara har na gama, ba ta yi mini wa'azi ba. Cewa kawai ta yi, "Ashe mu biyu ne."

Daga ranar, duk Lahadi bayan ta dawo daga coci ko an yi mata addu'a a gida, ina can da sabon fim. Wata biyar muka yi haka. Sai wata Lahadi na tarar da mota a ƙofar gida ana loda kaya. 'Yarta ce ta zo tafiya da ita Makurɗi, za a duba idon, kuma sun yanke ba za ta sake zama ita kaɗai ba. Daidai ne abin da suka yi, na sani, amma sai da na ji kamar ni aka kwashe wa gida. Ta riƙe hannuna ta tagar mota ta sa mini albarka da yarensu, ban ji ko kalma ɗaya ba, na dai ce amin.

Mun yi waya sau huɗu ko biyar. Daga baya lambar ta daina shiga. Na koma Bukan Sidi na tambaya, na tarar an ba da gidan haya, sababbin mutanen ba su san komai ba. Har yau ban san ko tana raye ba.

Yanzu na bar sana'ar, ina da iyali, gidana ba ya rabuwa da hayaniya. Amma abin da wannan tsohuwa ta koya mini yana nan. Ba duk wanda ya daɗe a wurinka yana jan magana ne ke ɓata maka lokaci ba. Wani daga gidan da babu kowa ya fito, kuma can zai koma, 'yar hirar da kake ganin ba komai ba ce ita zai ci har mako ya zagayo. Shi ya sa in mutum ya tsaya yana ba ni labarin da ba shi da kai, nakan ajiye abin da ke hannuna in saurare shi. In kuma wanda na saba gani ya ɓace kwana biyu, ba na jira sai na uku, nakan tashi in je in ƙwanƙwasa ƙofarsa.