Ƙafar Kofur

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan. A ƙasar da na yi karatu, kare yana da likitansa da katinsa na asibiti, kuma tun da na dawo Jos nake gudun kada in riƙa auna komai na gida da mudun can. A gidanmu ma ba a taɓa kiwon kare ba. Ga shi garin yana da matsalolin da suka fi ƙafar kare nauyi. Amma mutumin da abin ya shafa bai taɓa barin ƙasar nan ba, kuma ba daga wurin kowa ya koyi damuwa da karensa ba. Shi ya sa na rubuta yadda aka yi.

Sunansa Chimezie, mai gyaran keken ɗinki a unguwar Jos Jarawa, ɗan shekara sittin da ɗaya. Mahaifinsa ya zo daga gabas lokacin da haƙar kuza ke tashe, shi kuwa a nan aka haife shi, Hausarsa ba ta da gargada. Yawancin masu kawo masa aiki teloli ne daga Titin Bauchi da unguwar Congo-Russia, suna kiransa Oga Chime. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa biyu suna Legas. Shi da wani jan kare suke zaune, sunansa Kofur, wanda ya shekara bakwai yana kwana a ƙarƙashin teburin aikinsa.

Wata Talata da hantsi, motar da ke raba ruwan leda ta yi baya ta taka wa Kofur ƙafar gaba. Masu keke Napep uku Chimezie ya tsayar, kowanne ya leƙa ya ga kare da jini, ya wuce. A baro ya tura shi har asibitin dabbobi mafi kusa.

Likitan ba ya nan, ya tafi yi wa kaji rigakafi a wata gona. Matar da ke kan tebur ta tambayi wane iri ne karen, Chimezie ya ce ɗan gida ne. Ta ajiye biro, ta ce irin waɗannan ai su suke warkar da kansu, lasa kawai suke yi. Da ya nace, ta naɗe ƙafar da bandeji tamau, ta yi wa karen allura. Kwana biyu tafin ƙafar ya kumbura har ya yi sheƙi.

A asibiti na biyu ya tarar da layin manyan karnukan waje masu yawan gashi. Sau biyu aka tsallake shi. Da ya shiga, likitan ya yanke bandejin yana faɗa, kamar Chimezie ne ya ɗaura. Ya ce sai an ɗauki hoton ƙashi, injinsu kuma ya lalace, ya tura shi inda ake ɗaukar na mutane. Can suka ce ya dawo gobe, da goben ta yi suka ce oga ya hana. Ya koma wa likitan. Likitan ya ce ba hoto ba zai iya haɗa ƙashi ba, abin da ya rage biyu ne: a yanke ƙafar, ko a yi wa karen allurar da ba zai farka ba. A bakin ƙofa wani mutum ya bi shi a hankali, ya ce ya sayar masa da karen tun kafin ya rame.

Chimezie ya ce mini ba tayin ne ya fi ɓata masa rai ba, don kowa a Jos ya san akwai masu cin kare. Abin da ya tsaya masa shi ne, a duk zirga-zirgar nan babu wanda ya sa hannu ya lalubi ƙashin.

Ran kwana na tara ya tafi wurin Malam Gwadabe, wani mai ɗori a bayan Titin Bauchi, wanda ya gaji sana'ar wurin mahaifinsa. Shekara ashirin Chimezie yana gyara wa matar Malam keke. Malam Gwadabe ya saurare shi, ya ce ya ɗora mutane, ya ɗora awaki, ya taɓa ɗora doki, amma kare bai taɓa ba. In aka ji hannunsa ya kama kare, wa zai sake miƙo masa hannun ɗansa? Chimezie ya yi godiya ya tafi.

Washegari sai ga Malam Gwadabe a shagon, da kan keken ɗinki naɗe a zane kamar ya kawo gyara. A cikin zanen akwai tsagaggun sandunan gora da auduga da igiya. Ya sa aka tura ƙofa rabi, ya zauna a kan benci can gefe.

"Ni ba zan taɓa ba," in ji shi. "Kai za ka yi. Hannun da ke saita allura ba zai kasa gane inda ƙashi ya goce ba."

"Malam, keke ba ya cizo fa."

"To ɗaure masa baki, Oga. Ai ba hira za ku yi ba."

Ya sa Chimezie ya bi ƙafar da yatsa daga gwiwa zuwa ƙasa, yana faɗin abin da ya ji: nan santsi, nan tudu, nan yana motsi. Sannan ya kama wuyan hannun Chimezie ɗin, ya ja da ƙarfi a hankali har sai da Chimezie ya ce wayyo. Malam ya ce haka zai ja ƙafar, kuma kada ya saki sai ya ji bakin ƙashin ya zauna.

Chimezie ya danne Kofur da gwiwa ya ja. Karen ya yi wani kuka ta cikin ɗaurin, ya yi fitsari a ƙasa. Chimezie ya saki. Malam Gwadabe ya ce ya ƙara. Ya ƙara kaɗan, ya ce yana jin ƙashin ya zauna. Malam Gwadabe ya miƙo wuya ya duba, sannan ya ce a jera sandunan. Bai karɓi ko shayi ba, ya naɗe kekensa ya fita.

Bayan mako shida aka kwance. Ƙafar tana nan, amma ta gajarta, ta ɗan karkata waje. Kofur yana takawa da ɗingishi, ba ya gudu mai nisa. Chimezie bai koma ko ɗaya daga asibitocin ba. Ya ce Malam ya yaba da aikin, shi kuma ƙafa huɗu yake nema, ya samu.

Na je wurin Malam Gwadabe da la'asar, na jira har mutanen zaurensa suka watse. Na tambaye shi, da shi ya kama da hannunsa, da ƙafar ta miƙe?

"Da ta miƙe sak," in ji shi. "Ina gani jan bai kai ba, saura kamar faɗin yatsa. Shi ba zai iya ba, karensa ne. Ni kuma ina da mutum goma sha ɗaya da za su zo ɗori washegari. Sai na ce ya ɗaure."