Ranar da Hajja ta shiga lissafi

Ƙarfe tara da rabi na safiyar wata Asabar, a ƙofar gidana a Gomari, mu uku ne: ni, da 'yata mai karatun injiniya, da malaminta. Ko na manta komai, wannan safiya tana nan.

'Yata ta haɗa wata na'ura ta ɗaura wa shokozoban tsohuwar motata. Aikinta shi ne ta ji rami kafin fasinja ya ji, ta sassauta ko ta ƙanƙame, girgiza ta mutu. Wata da watanni tana lissafin nauyin motar a kwamfuta. Ran nan malamin zai gwada, in bai gamsu ba sai ta maimaita shekara.

Ni mutum ne mai son tsari. Na farko na duba mai, na biyu taya, na uku na cika kofi da shayi na miƙa wa malamin, don shi ne ma'aunin: kada ɗigo ya zuba. Muka shiga gargada, mota na tafiya luf. Malamin yana ta gyaɗa kai.

Sai ga yayata Hajja a bakin titi da buhun wake biyu da kwalin banda, tana jiran keke. Na taka burki.

"Baba, don Allah mu wuce," in ji 'yata a hankali. "Lissafin na mutum uku ne."

Na ce, "Tun da nake ban taɓa wuce yayata a hanya ba."

Hajja, Allah ya yi mata jiki, ta gaishe mu da "Wushe," ta zauna, bayan mota ya durƙusa. Ramin farko na'urar ta rikice. Mota ta hau tsalle kamar ɗan akuya, ko a sumul ɗin kwalta ba ta daina ba. Shayi ya wanke wa malami farar shadda.

Hajja ta dube shi ta ce, "Malam, babba da kai, ba ka iya riƙe kofi ba?"

'Yata ta sunkuyar da kai, hawaye na shirin zubowa. Malamin ya goge gemunsa ya ce mata, "Lissafinki daidai ne, amma na motar da ba ta da dangi ne. Na ba ki mako biyu. Ki dawo, da Hajiya a ciki."

Gyaran na'ura bai ba mu wuya ba. Wuyar ita ce sanin nauyin Hajja. Ta rantse ba za ta hau sikelin hatsi a Kasuwar Litinin ba, ita ba buhun gero ba ce. Sai da 'yata ta yi mata kuka, sannan ta hau, da sharaɗin kowa ya juya baya.

A gwaji na biyu ko ɗigo bai zuba ba. Hajja ce ma ta shanye shayin, kuma har yau cewa take ita ta ci jarrabawar.

Mota a garin nan ba ta mai ita kaɗai ba ce. Don haka, mai karatu, in ɗanka na lissafin mota, ina roƙonka ka ce masa ya fara da gwaggonsa, sannan injin.