Batirin da Bashar ya sayar mini

Assalamu alaikum. Masu tambayata ina na shiga tun bayan Ƙaramar Sallah, da masu jiran ɗinkinsu, yau ga amsa. Jinya na yi. Kuma ba haka kawai ciwon ya faɗo mini ba, mutum ne ya kawo mini shi har ɗaki.

Kun san halin wuta a Illela. Ni tela ce, a gida nake aiki, shi ya sa na yi shawarar sa sola. Na yi tambaya, aka ce batir iri-iri ne: akwai na ruwa, akwai busasshe, akwai litiyam mai tsada amma mai ƙarko. Litiyam na so.

Sai na kira Bashar, ɗan Kawuna Shehu, mai shagon kayan sola. Tare muka tashi.

Ya ce, "Anti Hadiza, mi za ki yi da litiyam? Ga na ruwa sabbi fil, jiya anka kawo min su."

Na ce ina za a ajiye su? Ya ce ƙarƙashin teburin guga, a ɗakin da nake ɗinki, don kada a sace. Ɗakin taga ɗaya gare shi.

Tari ne ya fara. Sai yajin ido da ciwon kai, ga wari kamar baragurbi duk sanda rana ta take. Batiran su yi zafi, ka ji suna tafasa. Na kira shi, ya ce, "Caji suke sha, haka sabbi ka yi."

Wata Lahadi da hantsi na sunkuya zan jona dutsen guga. Soket ya yi tartsatsi. Ƙarar fashewar batir kawai na ji.

Ruwan batir a fuskata, a wuyana, a hannuna na dama.

Maigidana Malam Sani yana kasuwa. Maƙwabciyata Inna Asabe ce ta ja ni bakin randa, ta buɗe idanuna da yatsunta tana ta kwarara ruwa, ina ihu ina dukanta. Ba ta sake ni ba.

Daga asibitin garinmu aka wuce da ni Sakkwato. Likitan ido ya ce, "Wadda ta wanke miki ido ita ta cece shi. Na hagu zai warke. Na dama sai mun gani."

Sai mun gani. Da wannan maganar na yi makonni.

Ɗigon magani ba dare ba rana. A ɗora haɓata a kan na'ura a haska ido. Wankin ƙuna da safe, wanda ko maƙiyina... a'a, mutum ɗaya nake yi wa fatan ya ɗanɗana shi. Hoton ƙirji, gwajin kaki don a tabbatar ba tarin fuka ba ne. Aka ce iskar batir ce ta ƙona mini maƙogwaro. Babban kekena na ɗinki muka sayar muka biya magani.

Abin da ya fi ba ni tsoro, kada in tashi ban iya zura zare a allura ba.

Ina kwance Malam ya kai ragowar batiran wajen wani mai gyara. Ya ɓare takardar jikinsu, sai ga tsohuwa a ƙarƙashi. Na gwanjo ne, an wanke, an sake musu ruwa. Na'urar da ke tsayar da caji idan batir ya cika ma lalatacciya Bashar ya sa mini.

Bashar bai zo duba ni ba. Kawu ne ya zo, ya zauna bakin gado ya ce, "Ɗiyata, ƙaddara ta. Ki yi haƙuri, a rufe magana cikin gida."

Na ce, "Kawu, ciwon ƙaddara ne, na karɓa. Takardar da ya manna kuma hannunsa ne. Ban yafe ba."

Mun kai Bashar kotu, magana tana gaban alƙali. Ina samun sauƙi na sa Malam ya ɗauke ni a mashin, muka bi gidajen da Bashar ya yi wa aiki har Amarawa da Araba, ina buɗe mayafi ina nuna wuyana. Wasu sun ɓare takardun batiransu a gabana. Yanzu shagonsa a rufe yake, kuma wallahi ban ji tausayinsa ba. Dangi na cewa na yanke zumunci. Su faɗa.

Alhamdulillahi na koma ɗinki. Idon hagu garau, na dama hazo-hazo nake gani, likita ya ce haka zai zauna. Inna Asabe, Allah ya ba ki Aljanna. Malam, da ma'aikatan jinya, da ku masu addu'a, na gode.

Don Allah, in kuna da hali ku sayi litiyam, a wurin wanda zai ba ku garanti, domin shi ma akwai jabu. In na ruwa za ku iya, kada ya zauna inda kuke kwana ko aiki, a sa shi inda iska ke ratsawa, nesa da soket. Kun ji wari ko zafi, ku kashe, ku fita, ku kira wani mai gyaran daban. Ruwan batir ya taɓa ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa kafin a nemi mota.

Kuma ko ɗan uwanku ne mai shagon, ku ɓare takardar ku duba.

Bashar, na san kana karantawa. Mu haɗu a kotu.